Bi Mize da Ɗan Basilla

A garinmu, idan teku ya janye, yakan bar fili mai faɗin da mutum zai yi tafiyar rabin awa ruwa bai kai masa gwiwa ba. Wannan fili shi ne gonar mata. Maza suna da kwalekwale da koma. Mata suna da bokiti da guntun ƙarfen tono, da kuma bayansu, wanda yake fara lanƙwasa tun suna 'yan mata, in sun tsufa ya ƙi miƙewa.

Bi Mize 'yar Jecha ta haura shekara hamsin tana shiga filin nan. Gajera ce, ba ta da yawan magana, haƙoranta na gaba biyu sun daɗe da yin sallama da ita. Mijinta Vuai masunci ne. Wata shekara, lokacin iskar kudu, ya fita da safe. Kwalekwalen ya dawo bayan kwana uku, babu shi a ciki. Ta reni 'ya'ya huɗu da kawa, naman ruwan nan mai ɓawo da take tonowa cikin yashi, ta dafa, ta ɓare, ta shanya, ta kai bakin hanya. Yanzu biyu suna birni, ɗaya yana tsibirin Pemba, ɗaya yana kwance bayan masallaci. Masu rai sukan aiko da abin da ya samu, in ya samu. Sauran kuwa filin ne yake ba ta.

Daga nesa ma ana gane ta, saboda gwangwanin madara da take ɗaurawa a ƙugu da igiyar kwakwa. Kowace mace bokiti ɗaya take shiga da shi. Ita bokiti da gwangwani. Kuma tafiyarta ba irin ta kowa ba ce: ta tona, ta tsaya, ta juya dutse, ta tsinci wani abu ta jefa a gwangwani, ta kankare ƙarƙashin dutsen da ƙarfe, ta mayar da shi yadda ta same shi.

Abin da take tsinta wani ɗan dodon koɗi ne da bai kai kan ɗan yatsa ba, mai launin toka, bayansa da kaushi. Ba a cinsa, ɗaci gare shi. Ba shi da kyan da baƙi za su saya. Ko suna ba shi da shi. In ka nuna wa masunci sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙwaro ne. Uwar Bi Mize ce take ce masa ɗan basilla. Ita ta taɓa zaunar da ita tana 'yar shekara bakwai, ta nuna mata shi a kan bayan wata kawa, shiru, kamar mai barci. Suka sa alama. Bayan kwana uku suka dawo, kawar ta wangale baki, babu komai a ciki, a bayanta kuma ga ɗan huji zagaye tsaf, wanda tsinken tsintsiya zai shiga.

A da, tsofaffin mata duk suna tsintarsa. Ba don kawa suke yi ba a nasu ganin, don turare ne. Yana da ɗan murfi a bakinsa, farce ake ce masa, wanda in an wanke an soya an daka cikin turaren wuta, ƙamshi yakan kama tufa har kwana uku. Sai mace ta yi wata biyu tana tarawa kafin ta cika tafin hannu. Da turaren kwalba ya zo kanti, aka daina wannan wahala. Tsintar tana cin lokaci, ruwa kuma da lokacinsa yake dawowa. Masu gwangwani suka yi ta raguwa har ya zama saura ɗaya.

Bi Semeni, wadda suka tashi tare, katuwar mace mai murya, ba ta barin ta ta wuce lafiya.

"Mize, yau ma miyar ƙwari za mu sha?"

"Ki duƙa ki yi tono, Semeni, in cikin zai bar ki."

"Turaren nan da kike tarawa, wane ango ne za a turara wa? Ki faɗa mana mu ɗinka anko."

"Mijinki ne ya yi ƙorafi. Ya ce ɗakinku ƙarnin kifi."

Haka suke tun suna da haƙora.

Shekaru suka ja, kawa ta ragu. Wadda a da take cika bokiti kafin rana ta yi zafi, yanzu sai ta fito da rabi, su ma ƙanana. Matan gari suka taru a gindin mangwaron da ake taro, suka zaɓi Mboja ta shugabance su. Mboja 'yar ƙanin Bi Mize ce, Shangazi take ce mata, wato gwaggo, ta yi makaranta, tana da hankali, kuma a hannun Bi Mize ta koyi riƙe ƙarfe. Ita ta kawo shawarar a rufe wurin da ya fi albarka, wanda ake kira Bayan Dutse, wata shida cur, kada ƙafa ta taka, don kawa ta huta ta hayayyafa. Wadda aka kama a ciki, za a rataye bokitinta a reshen mangwaro, kowa ya gani, kuma ba za ta sake taka filin ba, ko'ina a cikinsa, sai shekara ta zagayo.

Shawara ce mai kyau. Bi Mize ma ta ɗaga hannu. Sai da aka sauke hannuwa ta ce, "To wa zai riƙa tsince ɗan basilla?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta tambayi abin da ya wuce.

Mboja ta ce, "Shangazi, wata shida ne kawai. Turaren zai jira."

"Ba turare nake faɗa ba."

"In na buɗe wa gwangwani ƙofa, gobe bokiti zai biyo shi. Ba ƙafar da za ta taka, ko tawa."

Bi Mize ta gyara zanenta. Ta ce, "Zan shiga. Na faɗa a gaban kowa, kada wata ta ce ta kama ni."

Aka kakkafa sanduna aka ɗaura musu tsummoki ja. Ranar da ruwa ya yi babban janyewa na farko, da hantsi, mata suna tono a wajen sanduna, Bi Mize ta ajiye bokitinta a gindin sanda, ta ratsa ta shiga da gwangwani kaɗai. Ba ta yi sauri ba, ba ta waiwaya ba. Ta nufi can ƙarshe, inda wani baƙin dutse yake, wanda uwarta take ɗora kaya a kai in za ta huta. Nan ta duƙa. Da ta fito ta tsaya gaban matan, ta buɗe tafukanta, ta kakkaɓe zane, ta karkata musu gwangwanin su gani. Sannan ta ɗauki bokitinta ta ci gaba da tono a inda aka halatta.

Da yamma Mboja ta same ta a gida tana kankare kwakwa.

"Shangazi, kina so ki tozarta ni ne?"

"Zauna. Akwai rogo."

"Ba rogo ya kawo ni ba. Semeni tana cewa don ke 'yar'uwar ubana ce shi ya sa na yi shiru. Gobe wata za ta shiga ta ce ai ga Bi Mize."

"Ta shiga da gwangwani, ina so. Bayan Dutse ya fi ƙarfin gwiwata. Kusurwa ɗaya kawai nake iyawa."

"Ɗan abin nan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, shi zai cinye Bayan Dutse?"

"A da muna tattaka shi, muna juya masa duwatsu, ko ba mu sani ba. Yanzu kin ba shi wata shida, ba mai damunsa. Kin ga ƙwansa? Kamar shinkafa a ƙarƙashin dutse. Yau na kankare dutse goma sha ɗaya."

Mboja ta ce, "Don Allah ki bari."

"Ci rogon, zai huce."

Ba ta bari ba. Duk babban janyewa, sau biyu a wata, tana shiga, tana fita, tana nuna tafukanta. Mboja ba ta rataye bokitin ba. Ta sa rai ranar buɗewa kawa za ta yi yawan da kowa zai manta. Matan kuma suka daina duba tafukan, sai dai su dubi juna.

Ranar buɗewa aka tashi kamar Salla. Tun jiya an wanke manyan tukwane, an tatsi kwakwa, an sayo shinkafa. Wasu da bokiti biyu suka zo. Mai gari, Mze Pandu, ya yi addu'a a bakin sanduna, Mboja ta kwance jan tsumma, mata suka kwarara ciki suna guɗa.

Guɗar ba ta daɗe ba. Ƙarfe ya shiga yashi, ya ci karo da ɓawo, hannu ya ɗauko, ba nauyi. A jefar, a sake tonawa, haka. Cikin goma, da ƙyar a sami biyu masu rai. Filin ya yi tsit, sai ƙarar ɓawo yana faɗawa bokiti, don wasu sun ci gaba da zubawa, ko don kada su fita da bokiti fayau. Ba wadda ta nufi wajen baƙin dutse. Kowa ya riga ya yanke a ransa cewa can an daɗe da kwashewa.

Kafin ruwa ya dawo maganar ta riga su isa gari. Mutum ɗaya ce ta shiga. Kowa ya gan ta.

Bayan la'asar aka taru a gindin mangwaro. Tukwanen suna gefe a kife. Bi Semeni ta dire bokitinta a tsakiya, ɓawo ya yi ƙara.

"Wata shida muna cin rogo gaya. Wata shida. Wance kuwa tana shiga tana fita tana nuna mana hannu, kamar a hannu ake ɓoye abu. Ni dai ban ce komai ba."

"Kin ce," in ji Bi Mize. "Ƙarasa."

"Ɓarauniya. Na ƙarasa."

Mze Pandu mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Bi Mize, ke uwa ce a garin nan. Ba mai son ganin bokitinki a sama. Ki ce kin ɗiba, yunwa ce, ki nemi afuwar 'yan'uwanki. Sai mu ce wata ɗaya, a rufe magana. In kin ƙi, doka ce, kin san ta, da hannunki aka yi ta. Shekara guda."

Kowa ya san abin da shekara guda take nufi ga mace irinta. Mboja ta sunkuyar da kai. A hankali ta ce, "Shangazi, kalma biyu ce."

Bi Mize ta kwance igiyar da ke ƙugunta, ta warware sili ɗaya siriri, ta murza bakinsa da yawu. Ta jawo bokitin Bi Semeni gabanta. Ta ɗauki ɓawo, ta juya shi a yatsunta, ta zira silin, ya fita ta ɗaya gefen. Ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. Ba ta da allura, ba ta da ƙusa, ba ta huda komai ba. Ana zaune ana kallonta, har ɓawo ya kai tsawon kamu biyu a jikin silin. Ta ƙulla bakin, ta ɗaga.

"Semeni, ga sarƙa. Kin daɗe kina tambayar anko."

Wasu suka yi dariya suka haɗiye ta.

"In ni na ɗiba, da ɓawon yana bayan ɗakina, inda kowa take zubar da nata. Wace ɓarauniya ce take zama cikin yashi ta huda kawa ɗaya-ɗaya ta tsotse, ta binne ɓawon? Da waɗanne haƙoran?"

Matan suka fara ɗaukar ɓawo daga nasu bokitan suna ɗagawa sama. Haske yana ratsowa ta hujin.

Bi Semeni ta ce, "Ɓawo in ya daɗe a ruwa ai yakan huje. Wannan ba shaida ba ce."

Mze Pandu ya shafa gemu. Ya ce, "Ko ma dai mene ne ya huda, Bi Mize, shiga kin shiga."

"Na shiga. Sau goma sha biyu. Ban ɗauki kawa ko ɗaya ba, kuma ba zan ce na ɗauka ba don a ji daɗin rufe magana."

"To afuwar shigar fa?"

"In aka sake rufewa gobe, jibi zan shiga."

Ba ta jira a yanke ba. Ta ɗauki bokitinta, ta rataya sarƙar a hannun bokitin, ta karɓi gorar da ake kaɗo mangwaro da ita, ta ɗaga bokitin ta saƙala a reshe da kanta. Sai da ta gwada sau uku, don kafaɗarta ba ta ɗaguwa sosai. Ba wadda ta tashi ta taimaka, ita ma ba ta dubi kowa ba. Ta jingine gorar. Da za ta wuce ta gaban Mboja ta tsaya.

"Gobe ma ruwa zai janye. Ba wadda ta tona gindin dutsen kakarki."

Ta tafi gida ta ɗora ruwan shayi.

Washegari da hantsi ta zo bakin teku ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, ƙafafunta a busasshen yashi, taku ɗaya daga inda jiƙaƙƙe ya fara. Gwangwanin yana cinyarta. Mata suka wuce ta gabanta, wasu suka gaishe ta, wasu suka sami abin kallo a wani gefen. Suka bazu inda suka saba. Mboja ta daɗe tsaye da bokiti. Sannan ta miƙe ita kaɗai ta nufi ƙarshen Bayan Dutse.

Daga inda Bi Mize take zaune, Mboja ba ta fi tsuntsu girma ba. Ta ga ta duƙa. Ta ga ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ga ta miƙe tsaye, hannu a ƙugu, tana duban gari. Ta sake duƙawa. Can sai wata mace ta bar wurinta ta nufi wajen, sai wata, sai uku tare. Ta ƙarshe da ta tafi katuwa ce, tana tafe tana tsayawa.

Kusurwar ba ta da girma, ba ta fi tsakar gida biyu ba. Bokiti tara aka cika a cikinta, manya-manyan kawa masu nauyi, irin waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Taku ashirin daga dutsen kuwa, inda gwiwar tsohuwa ba ta kai ba, ɓawo ne mai huji.

Mboja ta fito da bokiti a ka, ta sauke a gaban kwalekwalen. Idanunta sun yi ja, ta ce gishiri ne.

"Shangazi, sauko ki gani."

"An hana ni."

"Zan je in sauko da bokitin yanzu."

"Ba ke kika kira ni ɓarauniya ba."

Maganar ta kai kwana huɗu. Mze Pandu ya aiko, ta ce a gaishe shi. Mboja ta kawo mata kaso daga bokiti taran, ta ce a kai wa masu yara, ita tana da rogo. Kullum da hantsi tana kan kwalekwalen, ƙafa a busasshen yashi, inda duk mai shiga sai ta wuce ta gabanta. Rogon da take faɗa, waɗanda suka leƙa madafinta sun san iyakarsa.

A rana ta biyar, bayan la'asar, lokacin da gindin mangwaro yake cike, aka ga Bi Semeni ta ɗauki gora. Ta daɗe tana fama, tana haki, bokitin yana lilo yana ƙin saukowa, yara suna ba ta shawara. Da ya faɗo, sarƙar ta maƙale a reshe ta zauna. Ta ɗauki bokitin ta ratsa gari da shi har ƙofar Bi Mize, mutane na biye da ita daga nesa.

"Mize."

"Wa ke nan?"

"Kin san muryata. Ga bokitinki. Ba ki ɗauka ba. Ni na faɗa, na janye."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa."

Bi Semeni ta juya ta fuskanci masu kallo ta maimaita, da muryar nan tata da ake ji daga bakin teku.

Bi Mize ta fito ta karɓi bokitin, ta juya shi ta duba gindinsa.

"Kin lanƙwasa masa hannu."

"Da ma a lanƙwashe yake, kamar mai shi."

"Shigo. Akwai shayi, ba sukari."

Afuwar shiga kuwa, har yau ba ta nema ba, Mze Pandu ma bai sake tambaya ba. Da aka sake rufe Bayan Dutse, Mboja ta ce bokiti ba zai shiga ba, amma gwangwani zai shiga, mai shi ta nuna tafukanta in ta fito. Mata biyar suka ɗaura gwangwani. Biyu sun gaji sun kwance kafin wata uku, sun ce bayansu na ciwo. Bi Semeni ba ta ɗaura ba, ta ce igiyar ba za ta zagaye ta ba, amma an sha ganinta tana juya dutse da ƙafa in ta ɗauka ba mai kallo.

Sarƙar tana nan a reshen, rana ta mayar da ita fara. Baƙi sukan tambaya ko wani abin tsari ne, sai a ce musu a'a, ɓawo ne. Bi Mize yanzu ba ta kaiwa ga baƙin dutse, a rabin hanya take tsayawa. Ran nan wata yarinya ta kawo mata ɗan dodon koɗin a tafin hannu ta tambaye ta sunansa na gaskiya, wanda yake a littafi. Ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta miƙo gwangwani ta ce a jefa.